Jan Ƙyallen da Na Bi a Tseren Dutse

Na manta lambar ɗakina a jami'ar da na yi karatu a Guangzhou, na manta fuskokin yawancin 'yan ajinmu, Sinancin ma ya fara zubewa daga bakina. Amma akwai wata Asabar guda da na san ko tsufa ya kama ni ba za ta fita daga raina ba, ranar da na shiga tseren kilomita hamsin a kan duwatsu, ni da ko tseren makarantar firamare ban taɓa yi ba.

A shekarar da aka yi gasar Olamfik a Beijing ne, ina shekara ta biyu. Ni mutum ne mai shiru tun ina yaro. Daga ɗaki sai aji, daga aji sai laburare. Ranar Juma'a kaɗai nake fita gari, in yi salla, in wuce unguwar Sanyuanli wajen wani Alhaji mutumin Maraɗi, abokin kasuwancin mahaifina, mu ci tuwo, in yi masa tafinta idan yana da saye.

Bayan gasar nan sai gudu ya zama yayi a makarantar. Kowa ya ga 'yan Afirka ta Gabas a talabijin suna cinye gudun fanfalaki, saboda haka duk baƙin mutum ya koma gwanin gudu a idon jama'a. Wata rana ina zaune a laburare sai wani ɗan ajinmu, dogo mai surutu, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya ce wata ƙungiyar masu hawan dutse za ta shirya tsere a duwatsun da ke arewa da birnin, ana shiga mutum huɗu-huɗu, su kuwa su uku ne: shi, da wata ɗaliba da ke gaba da mu da shekara ɗaya, da dattijon da ke kula da laburaren, wanda kowa ke kira Laoshi, wato malam.

Na ce masa, "Ban iya gudu ba."

Ya yi dariya ya buga kafaɗata. "Haka gwanaye suke cewa."

"Da gaske nake. Ni daga Kano nake. Tsakaninmu da Kenya tafiya ce mai nisa."

"Ka gani? Ga iyawa, ga ƙanƙan da kai!"

A wajensu, in an yabi mutum dole ya musa, musawar ita ce ladabi. Don haka duk yadda na ƙi, sai ya ɗauka ina ƙara tabbatar masa ne. Ina cikin neman yadda zan kuɓuta sai ga Laoshi da kansa ya taso daga teburinsa, yana ɗan jan ƙafar hagu. Mutum ne mai furfura, ba ya son hayaniya, shekara biyu ina gaishe shi yana gyaɗa min kai kawai. Ya tsaya a kaina ya ce sau biyu yana shiga tseren nan bai kai ƙarshe ba, likita kuma ya gaya masa daga bana gwiwarsa ba za ta sake ɗaukar hawan dutse ba. Ya ce ba na ɗaya yake nema ba, so yake kawai ya tsallake layin ƙarshe sau ɗaya kafin a rufe. Sannan ya tambaye ni ko zan cika musu na huɗu. Dattijo ya tsaya a kanka yana roƙo, me za ka ce? Na ce to.

Dokar tseren guda ce mai ƙarfi. Kowane ayari yana da kati ɗaya, akwai tasha uku a hanya, kuma ba a buga hatimi a katin sai an ga mutum huɗun tsaye tare. Kowace tasha tana da lokacin rufewa. In an rufe kafin ku cika, an cire ku duka. Hanyar kuwa an yi mata alama da jan ƙyalle da aka ɗaure a rassan itatuwa, kowane ƙyalle da tambarin ƙungiyar a jikinsa da baƙin tawada.

Da Juma'a ta zo na roƙi Alhaji ya raka ni kasuwar Zhanxi Lu in sayi takalmi, tunda ya san masu shagunan. Da ya ji dalili sai ya tsaya cik a tsakiyar hanya.

"Kilomita nawa ka ce, ɗana?"

"Hamsin, Alhaji."

"A ƙafa? A kan dutse? Wa ya biyo ka?"

"Ba kowa. Wasa ne."

"Wasa! In ka ci me za a ba ka?"

"Takardar shaida."

Ya juya wajen wani Bakano da muke tare da shi ya ce, "Ka ji ɗan boko. Takardun da ya tara ba su ishe shi ba, sai ya hau dutse ya ɗebo wata." Bakanon ya ce a ƙyale ni, ai mutanen da suka zo China neman kaya sun yi yawa, gara a samu mai neman wahala ko guda. Duk da haka Alhaji ya zaɓo min takalmi mai kaurin ƙasa, ya lanƙwasa shi, ya shinshina, ya yi ta ja da mai shagon yana "laoban, laoban", wato maigida, har aka sallama. Ya ce in na mutu a dajin mutane kada a ce takalmin ne bai da kyau.

Na shirya yadda na iya shirya komai, wato da littafi da biro. Na karanta duk abin da laburaren ke da shi a kan gudun dogon zango. Mako shida ina hawa da sauka a matakalar benen kwananmu mai hawa tara, ina rubuta adadin a ƙaramin littafina. Na kwafe taswirar hanyar da hannuna, na rubuta lokacin da ya kamata mu isa kowace tasha, da inda zan sha ruwa, da inda zan ci dabino. A shafi na ƙarshe na rubuta: Azahar, ƙarfe ɗaya da rabi, tsakanin tasha ta biyu da ta uku. Na nuna wa abokan tafiyata kowane shafi, ban da wannan.

Har yau in aka tambaye ni dalili ba ni da amsa mai kyau. Ba wanda ya taɓa hana ni salla a ƙasar. Kunya ce kawai. Na san tasha ta uku za ta cika da jama'a da masu kyamara, ni kuwa na gaji da kallo. Ko a bas in na zauna sai wani ya ɗauke ni hoto. Na hango kaina ina sujada mutum ɗari suna leƙe, sai na ga gara in yi abina a ɓoye a cikin daji, minti kaɗan, ba wanda zai sani.

Aka sake mu da ƙarfe shida na safe. Ashe gudun ma kaɗan ne a ciki. A gangare ake sassarfa, a hawa kuwa kowa tafiya yake yi yana dafa gwiwa. Hanyar wani wuri matakalar dutse ce da ba ta ƙarewa, wani wuri jar ƙasa mai santsi, wani wuri mu ratsa ta gonar lemo kare yana yi mana haushi. Zafin Guangzhou ba irin namu ba ne, gumi ba ya bushewa, sai ka ji kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen bargo. Kafin tasha ta farko dogon nan ya gane gaskiya, domin ni ne a baya kullum. Amma ya ce wa ɗalibar wai ajiye ƙarfina nake yi, haka 'yan Afirka suke, sai a ƙarshe suke tashi.

Laoshi ne ya ba ni mamaki. Da sanduna biyu a hannu, gwiwa a ɗaure, ba ya sauri ba ya tsayawa. Muka sami hatimin tasha ta farko, muka sami na ta biyu da ragowar minti arba'in. Da aka buga na biyun ya riƙe katin yana kallo, ya ce a shekarun baya bai taɓa isowa nan da sauran lokaci haka ba. Ranar na fara ganin haƙoransa. Tasha ta uku za a rufe ta ƙarfe uku, a lissafina kuwa za mu isa biyu da kwata. Daga can sauran hanyar kusan duk gangare ne.

Ƙarfe ɗaya da rabi muna tsakiyar wani hawa, na ji ƙarar ruwa a ƙasa ta hannun dama, cikin kurmin gora. Na durƙusa kamar mai gyara igiyar takalmi, na ce tsakuwa ce ta shiga, su ci gaba zan cim musu. Ɗalibar ta ce su jira ni. Dogon ya ce, "Wa za a jira? Wannan in ya tashi sai dai mu ga ƙurarsa." Suka wuce.

Na gangara cikin gorar, na yi alwala a ƙoramar, na duba alƙibla da ɗan kamfas ɗina, na shimfiɗa rigar ruwa na yi salla. Na duba agogo, minti goma cif. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ka ga, ba wanda ya sani, ba abin da ya ɓaci.

Sai dai gora duk kamarta ɗaya. Na hau ta inda nake zaton na sauko, na fito a kan wata 'yar hanya, ga jan ƙyalle yana lilo a reshe. Na bi shi da sauri. Na ga na biyu, na ga na uku. A na huɗu ne na lura babu tambari a jikinsa. Na tsaya na juya shi ciki da baya. Na ce wataƙila ruwa ne ya wanke tawadar, ko kuwa masu tambarin sun ƙare musu suka cika da wannan. Na buɗe taswirata, ta ce ya kamata in kasance ina hawa ta fuskar arewa. Kamfas ya ce gabas nake yi. Na tsaya ina duban littafi, ina duban kamfas, ina duban ƙyalle, ukun nan kowanne da abin da yake gaya min. Na ciro waya, babu sabis ko ɗigo. Na yi niyyar kiran sunan dogon da ƙarfi, wallahi sai na ji nauyin yin ihu a dajin da babu kowa. Muryar da ta fito ko tsuntsu ba ta kora ba.

Na zaɓi ƙyallen, saboda shi aka ce mu bi. Hanyar ta yi ta ƙanƙancewa, ciyawa sabuwar sara a gefe da gefe, ba sawun takalmin gudu ko ɗaya. Na koma baya, na tarar da mararraba da ban lura da ita ba da farko, kowane ɓangare da nasa jan ƙyallen. Nan kaina ya kwance gaba ɗaya. Na bi na hagu, ya kai ni bakin wani rami. Na dawo na bi na dama. Ƙarfe biyu ta wuce, biyu da kwata ta wuce. Sai na fara jin ƙanshin turaren tsinke, na ji muryoyin mutane, na ce alhamdu lillahi, tasha ce. Na ruga da gudu, gudun gaske na farko da na yi a ranar.

Na faɗo cikin wani fili da aka share. Mutum wajen goma, maza da mata, sun kewaye wani gini na siminti mai siffar kujera a jikin dutse. Ga turare yana hayaƙi, ga lemo an jera, ga gasasshen alade guda a kan faranti, ga ƙananan kofunan shayi. Kabari ne. Lokacin kaka ne da mutanen yankin ke hawa duwatsu su share kaburburan kakanninsu, kuma da yake ciyawa na cinye hanya kowace shekara, wanda ya riga zuwa da adda shi ke ɗaura jan ƙyalle don 'yan'uwa su biyo. Wannan duk daga baya na sani. A lokacin abin da na gani kawai shi ne mutum goma sun daskare suna kallon baƙin mutum da lamba a ƙirji ya fito daga daji yana haki a kan kabarin kakansu.

Na gaishe su da Sinancin makaranta. Wani tsoho mai riƙe da butar shayi ya amsa da yaren ƙauyensu, ban gane ko kalma ɗaya ba. Na maimaita, ya maimaita. Wata mata ta miƙo min lemo, wata ta nuna min kujerar roba. Ina nuna agogo, suna nuna lemo. Can dabara ta zo min, na buɗe littafina na rubuta da haruffansu cewa ina cikin tsere, na ɓata, ina neman haikalin da ke kan tudu inda tasha ta uku take. Tsohon ya sa tabarau, ya karanta a hankali, ya ɗaga babban yatsa, ina jin rubutun ya yaba. Ya karɓi biron ya rubuta a ƙasa: zan kai ka, jira.

Jiran nan ne ya fi komai tsawo a rayuwata. Bai gama hidimarsa ba, kuma ba zai bar ta a tsakiya ba. Ya zuba shayi a ƙasa sau uku, ya rusuna, 'ya'yansa suka bi layi ɗaya bayan ɗaya, aka ƙona takardu. Ni ina tsaye a gefe da lemo a hannu, ban san inda zan sa idona ba, ban san ko zama ne ladabi ko tsayuwa ba, agogo yana ta tafiya. Biyu da minti arba'in ya ɗauki addarsa ya yafito ni.

Tsohon nan ya haura saba'in, silifa ce a ƙafarsa, taba a bakinsa, amma sau uku yana tsayawa yana jirana a hawan. Ya ratsa da ni ta inda ba hanya, muka ɓullo a kan hanyar tseren, ga ƙyalle mai tambari. Ya nuna sama, ya juya abinsa. Ko godiyar kirki ban yi masa ba.

Na isa tasha ta uku ƙarfe uku da minti goma sha takwas. Ana naɗe tutoci. Ɗalibar tana zaune a kan matakalar haikalin da katinmu a hannu, an ja masa layi da jan biro. Dogon ya taso min da faɗa, ina na shiga, sun iso tun biyu da minti ashirin, ya roƙi masu hatimi har ya gaji. Na tambayi ina Laoshi. Ɗalibar ta ce da suka yi minti goma ba su gan ni ba, ya ce shi ya roƙe ni na shigo, shi zai nemo ni. Ya koma ƙasa, duk hawan nan da ya sha wahalarsa.

Sai wajen ƙarfe huɗu ya dawo, wani ma'aikacin tseren yana riƙe da shi. Gwiwar ta kumbura har ɗaurin ya nutse a ciki. Muryarsa ta dushe saboda kiran sunana. Da ya gan ni ya tsaya ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambaya ko na ji ciwo. Na ce a'a. Ya zauna, ya karɓi katin ya duba layin, ya ninke shi ya sa a aljihu. Sannan ya ce, "Ina ka je?"

Ƙaryar tsakuwa tana bakina, amma na kasa. Na ce salla na tsaya yi, na faɗi yadda na bi ƙyallen masu kabari.

"Minti nawa take ɗauka, sallar?"

"Goma, da alwala."

Ya murza gwiwarsa. Dogon ya buɗe baki, Laoshi ya ɗaga masa hannu.

"Muna da minti arba'in a hannu," in ji shi. "Da mun zauna a bakin hanya mun ci ayaba." Ya ɗan nisa. "Lungun da ke bayan kantar tsofaffin mujallu, a hawa na uku, inda kake shimfiɗa 'yar dardumarka kullum da rana. Kana tsammani don me mai shara ba ta taɓa ajiye bokiti a wurin ba? Tun shekarar da ka zo na ce mata ta bar maka shi."

Shekara biyu ina saɗaɗawa lungun nan kamar ɓarawo, ina jin daɗin wayona, ashe dattijon nan ne yake tsare min shi. Na ce ya yafe min, da Sinanci, na sake faɗa da Hausa ban san na yi ba. Ya ce ba komai, in taimaka masa ya tashi. Ni da dogon muka sa shi a tsakiya har inda motar masu tseren take.

Bai sake shiga tseren ba. Har na gama karatu na dawo gida ina ganinsa a laburare, ya koma hawa lif ko zuwa hawa na biyu ne, kuma bai taɓa tayar min da maganar ba ko sau ɗaya. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Ni dai abin da ranar ta koya min ke nan. A da ina ɗaukar kunyata kamar wani abu nawa ni kaɗai, wanda in ya cutar, ni zai cutar. Ba haka ba ne. In kuna tafiya tare da mutane, abin da ka ɓoye musu su ma suna ɗauke da shi, ba su dai sani ba. Jimla ɗaya ce ta gagare ni a bakin hanyar nan: ku jira ni, zan yi salla. Tun daga lokacin, ko a taro ne, ko a mota, ko a gaban wanda nake jin nauyinsa, in ina da buƙata nakan buɗe baki in faɗa, ko da muryata tana rawa.